Yatsun Inna da Maiƙon Tumaki

Inna, mahaifiyata, ɗinkin hannu take yi a shagon wata mata, ita ke yin adon wuyan riguna. Sai yatsunta suka fara tsagewa, har jini ya ɗiga a rigar mutane. Mai shagon ta ce in ta sake ɓata mata yadi, to ta zauna a gida. Shekara ashirin fa tana wannan aiki! Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Da yamma maigidana ya dawo daga masana'antar da suke wanke gashin tumaki, ya miƙo mini leda. Hannunsa ya taɓa nawa, laushi kamar na jinjiri. Na riƙe shi gam.

"Malam, wane mai kake shafawa a ɓoye?"

"Ni da mai? Maiƙon gashin ne. Duk masu ɗibar ɗanyen gashi haka hannunmu yake. Shi ake tacewa a sami lanolin, a zuba a man shafawa."

"Shekara uku kana can, ba ka taɓa faɗa ba! Gobe ka zo mini da shi."

Ya kuwa kawo shi ɗanye a gwangwani. Ina buɗewa wari ya buge ni, sai ka ce rago ne ya shigo ɗakin. Inna ta toshe hanci, tana dariya har da hawaye.

"'Yar nan, so kike a kore ni saboda wari kuma?"

Na hau maigidana da faɗa. Ya ce ai ni ce ban tsaya na ji ƙarshen magana ba, tatacce yana nan a kantin magani. Ko takalmi ban saka daidai ba na fice.

Mai kantin ta ba ni 'yar kwalba, abin ciki rawaya mai danƙo. Ta ce a gwada kaɗan tukuna, wata fatar ba ta son shi, kuma a shafa bayan an tashi aiki don kada ya taɓa yadi.

Kullum ni ke murza wa Inna, yatsa bayan yatsa. Kwana na shida tsagar ta haɗe, wallahi har rawa na taka.

Ran Litinin na raka ta shago. Mai shagon ta kama hannun Inna, ta juya shi. Sai ta buɗe kabad, ta ɗauko silikin da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta ɗora wa Inna a cinya.

Na kurma ihun murna har mai guga ya zabura. Inna ta harare ni, idonta cike da ƙwalla.

"Ke, tafi gida, ina da aiki."