Sauran Lokacin Dencio

Ranar da labarin ya iso, Panyang tana bakin shagonta tana ƙulla sukari a ƙananan ledoji. Matar mai jirgin kamun kifi ce ta zo da kanta, ba ta aiko kowa ba. Ta tsaya a bakin rumfa, ba ta yi gaisuwa ba, ba ta tambayi kuɗin komai ba. Sai Panyang ta ajiye ledar. Matar ta ce jirgi ya dawo, mutum ɗaya ne babu. Igiyar koma ce ta naɗe ƙafar Dencio ta ja shi cikin teku. Sun nema har mai ya kusa ƙare musu.

Dencio shi kaɗai ne ɗanta. Da yake babu gawa, hotonsa aka ɗora a kan tebur, aka kunna kyandir, aka yi addu'ar kwana tara. Mata suna addu'a a ciki, maza suna karta a ƙarƙashin rumfa, akwatin sayar da intanet da ke jikin bangon shago kuma bai daina ƙara ba, ƙwal, ƙwal, mutane suna jefa kuɗi suna sanar da dangi na nesa.

Dencio ne ya kafa akwatin, shi da abokinsa Pulong mai gyaran waya. Suka ɗaure eriya a saman bishiyar kwakwa tana fuskantar babban gari a ƙetaren ruwa. Ka jefa peso ɗaya, wayarka ta samu intanet na ɗan lokaci. Ka ƙara, a ƙara maka. In an kira ka kafin lokacinka ya ƙare, sai ka danna wurin dakatarwa, akwatin ya riƙe maka sauran har ka dawo. Duk ɓangarensu na tsibirin shi kaɗai ne.

Safiyar da zai tafi, Dencio yana tsugune a gindin akwatin da tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, sai aka kwaɗa masa kira daga bakin ruwa. Ya danna, ya miƙa wa uwarsa wayar, wadda shi da abokansa suke kira Nanay ko Nay, wato Inna.

"Nanay, na dakatar da lokacina. Ki ajiye mini. Kada ki bar Saling ta cinye mini shi da fina-finan kukanta."

Saling maƙwabciya tana shanya kifi, ta ɗago. "Ka ji ɗan banza! Ni da na wanke maka kashi kake yi wa rowar peso?"

Panyang ta ce, "Me kake kallo haka tun gari bai gama wayewa ba?"

"Ƙwallon kwando mana."

"Da ƙwallon nan abinci ne da ka fi aladen Saling ƙiba. Tafi, suna jiranka."

Ya tafi yana dariya, silifas ɗinsa a hannu.

Bayan an watse daga makoki, Panyang ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba. Karatunta bai yi nisa ba, amma lambobi ta san su. Takan buɗe shafin akwatin ta ga lambobin nan a tsaye cak, yadda ya bar su, ba su ragu ba. Komai nasa ya motsa. Rigunansa sun daina ƙamshinsa, an ba wani gurbinsa a jirgi. Wannan kaɗai ne yake jiransa.

Amma iskar gishiri ba ta barin ƙarfe. Da damina ta wuce, akwatin ya fara haɗiye kuɗin mutane bai ba su komai ba. Pulong ya zo ya buɗe, ya daɗe yana leƙawa.

"Nay, cikin ya ruɓe. Sai an sa sabo."

"Lokacin Dencio fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sabon bai san kowa ba, Nay. Daga fari zai soma."

"To ka mayar da murfin."

"Nay..."

"Na ce ka mayar. Ko hannunka ma ya yi tsatsa?"

Haka aka zauna. Wata rana akwatin ya yi aiki, wata rana ya ƙi. 'Yar Saling tana aikin gida a ƙasar waje, ranar Lahadi kaɗai ake ba ta hutu ta kira. Lahadi ta zo, ta wuce, wata ta sake zuwa, Saling tana tsaye tana bugun akwatin da tafin hannu. Ta juyo idonta jawur.

"Panyang, naki ya tafi. Tawa tana da rai, tana can zaune riƙe da waya tana jirana."

Kalmar na fita ta kama bakinta. Panyang ta ci gaba da jera gwangwanayen kifi a kan kanta. Da yamma Saling ta kawo dafaffen rogo da kwakwa ta ajiye, ta koma ba ta zauna ba.

Washegari Panyang ta aika a kira Pulong. Ya ce mata gaskiya, ko ba a taɓa akwatin ba, kwanansa ya ƙare, ranar da akwatin ya mutu kuma lokacin Dencio zai bi shi. Ko ta yi amfani da shi, ko ya tafi a banza.

Ta jawo kujera gindin akwatin, ta miƙe ƙafarta ta hagu, wadda gwiwar ta daɗe ba ta lanƙwasuwa. "Nuna mini inda ake dannawa. In ga ƙwallon da ya fi masa karin kumallo."

Ta danna da kanta. Lambobin suka motsa, suka fara raguwa. Pulong ya buɗe mata shafin da ke baya, wanda Dencio ya bari.

Ba ƙwallo ba ne. Wata dattijuwa ce zaune a tsakar gida da turmi, tana koyar da yadda ake daka citta a haɗa da man kwakwa a shafa wa tsofaffi a gwiwa. Daga tsakiya bidiyon ya ci gaba, daidai inda ake nuna yadda za a murza da babban yatsa, a hankali, daga ƙasa zuwa sama.

Sai Panyang ta tuna. Ana jibi zai tafi Dencio ya shigo da citta cikin leda, mai yawa, har ta yi masa faɗan ɓarna. Da ita ta yi wa masu makoki romon kifi.

Pulong ya juya baya yana kallon teku. Ita kuwa ba ta ɗauke ido ba. Dattijuwar tana cewa a ɗumama man tukuna, sai hoton ya tsaya. Lokacin ya ƙare. Pulong ya lalubo peso a aljihu zai jefa, ta riƙe masa hannu.

"Bari. Wannan ba nasa ba ne."

A ranar aka sa sabon akwati. Lahadi Saling ta yi magana da 'yarta har batirinta ya mutu.

Har yau Panyang ba ta san ƙarshen bidiyon ba, kuma gwiwar tana nan yadda take. Kullum da safe, kafin ta ɗage ƙyauren shago, takan fito da wayar mai fasasshen gilashi, ta jefa peso ɗaya, ƙwal. Da zarar lambobin sun fito, sai ta danna wurin dakatarwa, ta mayar da wayar aljihun riga.