Sau Ɗaya Inna Ta Faɗa

Aikina haɗa ofis da ofis ta intanet. A Kalgo nake zaune, kuma ni na shimfiɗa wa wata ƙungiyar manoma keɓantacciyar hanyar saƙo tsakanin ofishinsu na nan da na Gwandu. Sabis ɗin yankinmu kuwa sai addu'a. Saƙo gutsi-gutsi yake tafiya, wasu gutsattsarin su zube a hanya. Dabarar ita ce, kowane goma in ɗora musu ƙarin uku, waɗanda na'urar can za ta cike gurbin abin da ya ɓace da su, ba sai ta ce a sake turowa ba. Na sha cika baki da wannan aiki.

Inna ta riga ni sanin dabarar, ita da ko ƙofar makarantar boko ba ta taka ba. In ta kira daga Kambaza, kowace magana sau uku take faɗa. Duk yadda layi ya tsittsinke, sai na haɗa abin da take nufi. Ni kuwa, sarkin sani, wata rana ana jira na a ofis na ce, "Haba Inna, sau ɗaya ya isa mana!"

Ta ce, "To, Basharu. Na bari."

Ta kuwa bari. Inna ba ta da faɗa, amma ba ta mantuwa.

Da damina ciwon ƙirjinta ya tashi. Wata Talata da la'asar hadari ya haɗo, ina kan tsani ina gyaran eriya, sai ga kiranta.

"Ka natsu, wasiyya za ni ba ka. Kai kaɗai."

Nan take muryar ta shiga yankewa. Na ji "ɗakina", na ji sunan yayata Zulai, wadda Inna ke fushi da ita tun kaka. Sauran duk ƙara ce. Ta daɗe tana magana, tana tsayawa jan numfashi. Can sai layin ya washe sarai.

"Ka jiya?"

Kunya ta rufe ni. Da wane baki zan ce ta maimaita, ni da na hana ta? Ga shi kowace kalma da ƙyar take fita. Na ce a raina Juma'a zan je gida in ji daga bakinta.

"Na ji, Inna."

"Alhamdu lillahi. Hankalina ya kwanta."

Laraba da hantsi ta cika.

Bayan addu'ar uku, Zulai ta ja ni ɗakin Inna ta zaunar da ni bakin gado. Idanunta sun kumbura.

"Ran da tak kira ka, korar mu ta yi waje. Da munka dawo tac ce ta hwaɗa maka komi. Ni ina ta jinyarta, amma ban iya buɗe baki na nemi gahwara ba. Basharu, don Allah mi tac ce a kaina? Ta yahe min?"

Na ce, "Ta ambaci sunanki, Yaya."

Ta gyara zama, ta zuba min ido tana jiran sauran.