Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Tun da matarsa ta rasu, mai zanen allunan shaguna ya daina karɓar aiki. Ya jingina katako a bangon ɗakinsa na saman bene, yana zana fuskarta. Hotonta guda ne, na katin asibiti, shi ma ruwa ya cinye rabinsa. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta ce za ta zo ta ɗauki zanen, don yaranta su san kakarsu.

Idanu sun fito, goshi ya fito. Baki ne ya gagara. Kafin ya tuno yadda leɓenta yake, fentin ya riga ya bushe.

Mai shagon sinadarai na ƙasan benen ne ya tsiyaya masa wani abu a 'yar kwalba. Garau kamar ruwan sha, sai dai da kauri, kuma ba wari.

"Furofilin gilaikol ke nan, maigida. Ba ya saurin bin iska, shi ne ma yake zuƙo laimar da ke cikinta. Ɗan ɗigo a fenti, zai jira ka har ka gama tunaninka. Amma kar ka cika hannu, in ba haka ba jikokinka za su yi furfura bai bushe ba."

Ya kuwa cika hannu. Da safe ya zana baki, da yamma ya goge, ya ƙara ɗigo. Wurin ya yi danƙo, har ƙananan ƙwari na maƙalewa. Yakan zauna, shayinsa na hucewa, yana kallon mace mai idon matarsa da bakin wata baƙuwa.

Ranar da 'yar ta zo, ko jaka ba ta sauke ba, don motar yamma za ta bi ta koma. Ta taɓa zanen, yatsanta ya dawo da ja.

"Baba, ai wannan sai ya ɓata min kaya. Me ka zuba masa, zuma?"

"Bakin ne. Na nema na rasa." Bai dube ta ba. "Ke kin tuna shi?"

Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya taɓa ganin bakin Mama tana dariya? Kullum hannunta na kai, saboda haƙorin nan da ya karye. Kai ne ma kake tsokanarta, wai gwal take ɓoyewa."

Hannun kam ya san shi, har tabon ƙunar da ke gindin babban yatsa.

Ya jiƙa tsumma. Abin ba ya gaba da ruwa, shafa kaɗan bakin ya fita tas. Ya dama sabon fenti bai ɗiga masa komai ba, ya zana hannun nata a kan bakin. Kafin ta idar da sallar la'asar, hannun ya bushe.

Ta naɗe katakon a zani, ta rungume shi ta sauka. Ya bi takunta da kunne har ƙofar titi. Sannan ya ja kujera ya zauna inda ya saba, ya rasa inda zai ajiye idonsa.