Turken Tashar Treichville

Kwana uku takardar izinin tafiya tana cikin jakar Radiyya. Jirgin bincike zai tashi ranar Litinin da ɗaliban jami'a, mako biyu a kan teku, ana auna wani rami mai zurfi da ke ƙarƙashin ruwa gaban Abidjan. Sa hannun mahaifinta kawai ya rage, shi kuwa Alhaji Kailu ya riga ya ce 'yarsa ba kifi ba ce.

Ranar Asabar bayan la'asar ta raka shi daga Adjamé zuwa tashar batobus, jirgin ruwan fasinja, ta Treichville. Suna jiran jirgi sai ya nuna mata wani turken ƙarfe da ke tsaye cikin ruwa.

"Ke mai karatun teku, yau nawa ga wata?"

"Le douze, Baba," ta amsa da Faransanci.

"Watanmu nake tambaya, Baturiya."

Ta sunkuyar da kai.

"Sha huɗu," in ji shi. "Dubi inda ruwan ya kai, ya rufe tsatsar nan. Shekara talatin ina kallon turken nan. In wata ya cika, ko ya ɓuya, war haka ruwa sai ya hau har can. Ran bakwai ga wata kuwa ba ya kaiwa. Na taɓa gaya wa abokina Inusa, ya ce rana ce ta buge ni."

Radiyya ta dubi layin ruwan. Abin da ta haddace a aji ne, ga shi yana lasar ƙarfe a gabanta.

"Ba rana ba ce ta buge ku, Baba. Watan ne ke jan sa."

"Daga can sama?"

"Tekun gaba ɗaya yake ja, ya shigo ta mashigin Vridi har nan. Har bakin Brazil yana hawa, inda sukarin da kuke sayarwa ke fitowa. A da ma ƙasarsu da tamu haɗe suke. Yanzu haka suna ja da baya, a hankali kamar tsirar farce."

Alhaji ya dubi farcen babban yatsansa, ya daɗe.

"Subhanallah," ya ce a hankali. "Ashe ƙasar ma tafiya take."

Batobus ya zo, ya cika, ya tafi ya bar su.

"Uwarki ta ce kina yawo da wata takarda." Ya miƙo hannu. "Kawo. Amma in kin dawo, ni za ki fara gaya wa zurfin ramin nan, kafin malamanku."