Bindigar Ranar Suna

Yusha'u ya ɗaga bindigar ya leƙa ta bakinta, sai ya hango hasken rana tar a ɗaya ƙarshen. Ya yi murmushi shi kaɗai a rumfarsa ta gyaran babur. Ranar da aka ciro ta daga ƙasan rumbu ko tsinken tsintsiya ba ya wucewa ta cikinta. Zanzaro ya yi gini a ciki, tsatsa ta kama kunamar ta riƙe gam, gara kuma ta fara lasar icen mariƙin.

'Yar ƙaramar bindigar hannu ce, ƙirar kakansu, wanda ya yi zamaninsa yana maƙeri a Tsohon Birnin Gwari. Ba a taɓa auna mutum da ita ba, ba a taɓa farauta da ita ba. Aikinta guda ne: duk ranar da aka raɗa wa ɗa namiji suna a gidan, maigida ya fita tsakar gida ya harba ta sama sau ɗaya, mata su rangaɗa guɗa. An harba wa babansu, an harba wa yayansa Maliki, an harba wa shi Yusha'u. Da daji ya lalace aka shiga bincike gida-gida, babansu ya naɗe ta a tsumma ya binne. Bai sake ciro ta ba har ranar da mutanen daji suka same shi a gona yana girbin dawa, suka bar shi kwance tsakanin kunyoyi.

Maliki ne ya tuno da ita, lokacin da cikin matarsa Muslimat ya tsufa.

"In namiji ne, sunan Baba zan sa masa," ya ce. "Kuma ina so Inna ta ji ƙarar nan kafin ta bar duniya. Kai ne mai hannu, ka tashe ta."

Yusha'u bai tsaya a makaranta ba, bai tsaya a shagon ɗinki ba, bai tsaya a komai ba. Amma ya tsaya a kan bindigar nan. Ya jiƙa ta a kalanzir, ya goge, ya sake jiƙawa. Ya kankare tsatsar da haƙuri har fatar yatsunsa ta saɓule. Icen mariƙin kuwa ya yi ta shafa masa man kaɗe har ya dawo ja yana sheƙi, zanen da kakan ya yi da wuƙa ya fito fili. Masu babura suna zuwa su same shi ya juya musu baya, su yi tsaki su wuce gaba. Muslimat ta haifi namiji. Gobe ne suna.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Maliki ya iso, yana ta waige-waige.

"An gama?"

"Duba da kanka, Yaya."

Maliki ya juya ta a hannu, ya ja kunamar, ta yi ƙas. "Tana tashi kuwa? Ba kwalliya kawai ba?"

"Na gwada ta jiya a bakin rafi. Har tsuntsayen ƙetare sai da suka watse."

"To, madalla." Ya cusa ta a aljihun ciki. "Bari in kai wa Inna ta gani."

"Ka bari mu je tare mana, da yamma. Ina so in ga fuskarta."

"Kai dai ka cika zumuɗi. Ni ne babba ko kai?" Ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya juya ya tafi da sauri, ba ta hanyar gida ba. Yusha'u ya lura, amma ya ce ƙila goro zai tsaya saye.

Wajen azahar Obed mai faci, maƙwabcin rumfarsa, ya zo a guje yana haki. Obed yana da janareta da yake bayarwa haya a wajen taro.

"Injiniya, ka rufa mini asiri! Injin ya mutu a filin sulhu, manya na zaune, lasifika ta yi shiru."

"Ba ni zuwa wurin nan, Obed. Ka san dalili."

"Na sani. Ni ma ƙanwata har yau ba ta iya kwana da fitila a kashe. Ba su za ka gyara wa ba, ni za ka gyara wa. Filogi ne kawai, na rantse."

Ba filogi ba ne, datti ne a tanki. Yusha'u ya durƙusa bayan rumfunan taron ya kwance ya hure ya ɗaure, bai ɗaga kai ba. Ya san abin da ake yi. Mutanen daji ne ake karɓar tubarsu: kowa ya ajiye makami a kan tebur, ya yi rantsuwa, a ba shi babur ya kama sana'a. Injin ya kama, lasifika ta yi tari ta farka. Yana tattara sifanoninsa ya ji mai sanarwa yana cewa:

"Na gaba! Ka faɗi sunanka da ƙarfi, jama'a su shaida."

Muryar da ta amsa, Yusha'u ya san ta tun kafin ya san tasa. Ta faɗi suna, ta faɗi sunan uba, ta faɗi sunan unguwa.

Ya miƙe a hankali. Ga Maliki can, ya naɗa wani rawani mai datti har baki, yana tsaye a layi ɗaya da mutane masu jajayen idanu. Ya sa hannu a aljihun ciki ya ajiye abu a kan tebur. Jan icen ya ɗauki rana. Wani jami'i ya ɗauka, ya ja kunamar, ya gyaɗa kai, ya miƙa wa na kusa da shi. Wani dogo mai tabo a goshi da ke bayan Maliki a layi ya leƙo ta kafaɗarsa, ya daɗe yana kallon bindigar, sannan ya raɗa masa wata magana. Maliki ya amsa masa yana murmushin yaƙe.

Aka tafa. Aka jefa ta cikin buhu tare da sauran.

Yusha'u ya tare Maliki a bayan rumfa, yana tura sabon babur da ba a cire ledarsa ba.

"Inna ta gani?"

Maliki ya tsaya cak. Ya ja rawanin ƙasa. "Me ya kawo ka nan?"

"Na ce Inna ta gani?"

"Rage murya, don Allah."

"Yaushe ka shiga daji, Yaya? Kai da ko kaza Muslimat ce ke riƙe maka ka yanka? Ka tsaya gaban duk garin nan ka kira sunan Baba, ka ce ɗansa ɗan ta'adda ne!"

"To me sunan ya ba mu?" Maliki ya matso, idonsa ya kawo ruwa. "Waɗanda suka kashe shi ga su can ana ba su babura. Mu da muka ɗauko gawarsa a amalanke, wa ya ce mana sannu? Gona ta gagara. Ga jariri. Ka gaya mini me zan ba shi, ƙarar bindiga?"

"Da ka gaya mini gaskiya."

"Da ka gyara?"

"A'a."

"To ka gani. Na kai musu ita tun farko da tsatsarta, suka ce ba sa karɓar ƙarfen bola, sai mai tashi."

Wannan ce ta fi yi wa Yusha'u ciwo. Ashe tun kafin a kawo masa ita an kai ta wani wuri. Ashe duk daren da Maliki ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin yadda Baba ke rufe ido ɗaya in zai harba, lissafin babur yake yi.

"Gobe me za ka ce wa Inna?"

"Sai mu ce ba ta gyaru ba." Maliki ya kau da kai. "Kai za ta fi yarda da maganarka."

Yusha'u ya dube shi, ya dubi babur ɗin, ya rataya jakar kayan aikinsa ya wuce. Obed ya biyo shi yana kira ya karɓi ladan aikinsa, bai juyo ba.

Ya koma rumfa ya zauna a kan benci. Kwanon kalanzir ɗin yana nan, ya yi ja da tsatsa. Ya ɗauka ya watsar a kwata. Ya jawo wani babur da mai shi ya gaji da jira, ya fara kwance sarƙa. Ba zai ce ba ta gyaru ba. Zai je ya zauna gaban Inna ya gaya mata komai, in ya so gidan ya kama da wuta. Ya ƙudurta haka, ya ji zuciyarsa ta ɗan lafa.

La'asar ta yi sanyi, inuwa ta faɗo a kan aikinsa. Ya ɗaga kai. Dogon nan ne mai tabo a goshi, a kan nasa sabon babur, da wani dogon abu naɗe a buhu ɗaure a baya.

"Salamu alaikum. Kai ne Yusha'u, ƙanin Maliki?"

"Babur ne ya lalace?"

"Babur lafiya lau." Mutumin ya sauko, ya kwance buhun a natse, ya jingina shi a cikin rumfar, bayan tulin tayoyi. "Na ga aikinka yau. Wallahi hannunka na da kyau. Na tambayi yayanka, ya ce kai ne."

"Ni babur kawai nake gyarawa."

"Haka ya ce za ka ce." Ya yi murmushi, haƙoransa jajaye da goro. "Bindigar da na ba su ta tsufa. Wannan ce nake ji da ita, ruwan sama ne ya taɓa ta. Ba sauri nake ba. Gobe ai kuna da suna, ko? Allah ya raya. A gai da Inna."

Ya hau ya tayar, ya nufi hanyar daji.

Yusha'u ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Daga ɗaya rumfar Obed ya leƙo.

"Injiniya, wane ne wancan? Sabon kwastoma?"

Yusha'u ya dubi buhun. Ya jawo taya ɗaya ya ƙara a kan tulin, yadda ba za a hango shi daga titi ba.

"Baƙon Yaya ne," ya ce.