Na'urar da Yaya Nababa Ya Sayo

Nazeefa mai zanen gidaje ce a Gwarinpa. Yawancin masu ba ta aiki 'yan Najeriya ne mazauna waje, kuma da kirifto, kuɗin intanet, suke biyanta. Da dandalin intanet ɗin da wata ƙawarta ke ajiyar kirifto a cikinsa ya rufe ba sallama, sai ta ƙudura sayen 'yar na'urar nan mai kama da filashi, wadda ke riƙe mabuɗin asusun mutum nesa da intanet.

Yayanta Nababa ba ya jin ƙanwarsa na neman abu ya zauna. Ran Asabar sai ga shi da kwali, yana murna ya samu da araha wajen wani mai shago a Kubwa. Har an rage mata wahala, in ji shi, don kalmomin sirrin da ke buɗe asusun na nan a buge a kati.

Nazeefa ta juya katin, ta mayar cikin kwalin. Ta yi masa godiya sosai kafin ta faɗa masa cewa kalmomin nan ashirin da huɗu su ne dukiyar kanta, kuma na'urar ce ya kamata ta ƙirƙiro su a gaban mai ita.

"Yaya, wanda ya sayar maka da kwaɗo ya riƙe mukulli ɗaya, ɗakin naka ne ko nasa?"

Nababa ya ɓata rai, ya ce mutumin fa ya yi masa rantsuwa. Ba ta ja ba, amma ba ta karɓa ba. Ta yi oda daga kamfanin da ke ƙera ta.

Da sabuwar ta iso, ta kira shi ya zo ya gani. Ta duba hatimin kwalin, ta sa lambar sirri, ta kai wayoyinsu ɗaki. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a ɗan gilashin na'urar, tana rubutawa da biro. Ya ce a ɗauki hoto mana don gudun ɓata, ta ce hoton da ya shiga waya ya shiga kasuwa.

Ta tura kuɗi kaɗan, ta ga sun shiga, sannan ta goge na'urar tas. Nababa ya miƙe tsaye yana salati. Ita kuwa ta shigar da kalmomin a natse, sai ga kuɗin sun dawo yadda suke.

Umma, mahaifiyarsu, tana gefe tana gyaran zogale, sai ta jefo tambaya.

"To idan Allah ya karɓi abinsa fa? Magada su bi ta ina?"

Nazeefa ta ajiye biron. Duk karatun da ta yi, wannan bai zo mata ba. Ta ce Umma ta yi gaskiya. A ranar suka tsayar da magana: kwafi na biyu zai zauna wajen Umma a liƙe cikin ambulan, Nababa kuma zai koyi yadda ake dawo da asusu.

Da asusun gwaji suka fara. Ya tsallake kalma guda, na'urar ta ƙi. Nazeefa ta zuba masa shayi, ta ce ya sake daga farko.