Motar Alhaji Jimrau

Saminu ya kara kunnensa a jikin injin, karo na uku ke nan cikin sati biyu, kuma karo na uku injin na nuna masa lafiyarsa lau. Tsohuwar Hilux ce mai shan gazuwal, wato man dizal, tana tsaye cikin garejinsa na Dakoro tana kiɗinta daidai, ba tari, ba rawa, ko hayaƙin kirki babu. Ya cire hula ya sosa ƙeya. Wallahi da mota na magana da ya tambaye ta laifin da ya yi mata.

Motar ta surukinsa ce, Alhaji Jimrau, uban matarsa Lailatu, babban dillalin dabbobi a Korahane. Saminun ne da ƙafarsa ya je Maradi ya zaɓo ta, ya shiga ƙarƙashinta, ya murza man injin a yatsa, ya ce ko da kuɗinsa ne ita zai ɗauka. To ga shi tun shigowar sanyi, kullum safiya sai ta ƙi tashi. In an samu ta tashi da turi, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, tana aman farin hayaƙi. Amma kafin Alhaji ya iso da ita Dakoro ta yi ɗumi, ta zama mumina.

Me ya rage bai yi ba? Ya sauya batir. Ya sauya matatar gazuwal. Ya kwance bujin ɗumama inji guda huɗu, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi jawur. Har kwana ya sa ta yi a gareji, da sassafe ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Ta koma Korahane, washegari ta ƙi.

Abin da ya ƙara dagula masa kai shi ne bai taɓa jin ciwon motar daga bakin mai ita ba. Suruki ai ba a tsare shi da tambaya. Saminu ko sunan Jimrau ba ya kamawa, in sun haɗu durƙusawa yake yi, ido a ƙasa, shi kuma Alhaji ya ajiye makulli ya wuce kasuwa. Saboda haka Alhaji ya gaya wa matarsa Inna, Inna ta kira Lailatu a waya, Lailatu ta kawo wa Saminu abin da ya tsira a hanya.

Da yamman nan ma haka aka yi. Lailatu ta ce Inna ta ce motar shaƙuwa take yi. Ya tambaye ta, injin yana juyawa ne ya ƙi kamawa, ko kuwa shiru yake yi? Ta kira Inna, ta dawo ta ce duka biyun. Ya ce yaya za a yi abu ya juya kuma ya yi shiru? Ta ce ita dai ba makanikiya ba ce. Sai kuma ta sauke murya ta ce akwai sauran saƙo: Baba ya rantse in gobe ranar kasuwa motar ta sake kunyata shi, zai ajiye ta a bakin kara, kasuwar dabbobi, ya gaya wa duk wanda ya tambaya wane ne ya zaɓo masa ita.

Motocin dillalai ne ke riƙe da garejin Saminu, kuma bakin Alhaji suke kallo. Biyu ma sun riga sun koma wani gareji. Shekara goma sha tara yana gina sunan nan.

Washegari yana sallame asuba ya hau babur ya nufi Korahane, sanyi na yanka masa kunne. Ya kashe babur tun daga nesa, ya laɓe bayan darnin gidan surukinsa. Magidanci da ƴaƴa huɗu, laɓe kamar ɓarawon akuya! Shi kansa bai san abin da yake nema ba. Ko wani ke zuba mata ruwa a tanki? Ko raɓa ce? Ko dai da gaske shi ne bai iya aikin ba?

Rana na leƙowa Alhaji ya fito tare da amininsa Intalla, makiyayin da aka loda ragunansa a bayan motar. Maƙwabta uku suka biyo su suna naɗe hannun riga, sun riga sun saba da turi. Alhaji ya zauna, ya yi bismilla, ya tattaka totur sau biyar kamar yadda yake yi wa tsohuwar Fijonsa mai esansi, wato fetur, ya murɗe makulli kai tsaye har ƙarshe. Inji ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa.

Saminu ya dafe kai. Ashe nan gizo ke saƙa. Motar gazuwal a sanyi rabin makulli ake murɗawa, a jira ƴar fitilar nan ta gaban direba ta mutu, bujin su ɗumama inji, sannan a tayar. Hannunsa ya saba da jiran har ba ya sanin yana yi. Alhaji kuwa shekara talatin motar esansi yake tuƙawa, babu wanda ya taɓa gaya masa. Wanda ya kamata ya gaya masa ranar da aka kawo motar, ga shi nan bayan darni.

Ya fito ya zube ya yi gaisuwa. Alhaji ya dube shi a ɗage, ya amsa da ƙyar. Intalla na kallo, maƙwabta na kallo. To yanzu da wane baki zai ce wa uban matarsa, a gaban aminansa, bai iya tada mota ba? Ya buɗe gaban motar, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, yana neman dabara. Ya dawo ya durƙusa jikin ƙofar direba.

"Baba, a murɗa makulli rabi. Sai a yi salatin Annabi goma, sannan a ƙarasa."

"Mi ya haɗa salati da inji?"

"A dai gwada, Baba."

Alhaji ya murɗa rabi, leɓɓansa suka shiga motsi. Yana kai na takwas ƴar fitilar ta mutu, bai ko lura ba. Ya cika goma, ya ƙarasa makulli. Mota ta tashi bugu ɗaya, ta ɗan girgiza, ta daidaita. Maƙwabta suka yi kabbara, raguna suka amsa daga baya.

Daɗi ya cika Saminu har ya kusa ɗaga kai ya dubi surukinsa. Alhaji ya leƙo ta taga ya kira Intalla.

"Ka gani ko? Sati biyu yana ta canje-canjen ƙarafa, ashe addu'a ta rage. Wagga ai ba aikin makaniki ba ne. Bari mu isa kara, sai na faɗa ma sauran dillalai su bar wahal da motocinsu zuwa gareji."

Sannan ya juyo wajen Saminu.

"Ko ba haka ba?"

Saminu ya dubi ƙasa, ya gyara durƙuso.

"Haka ne, Baba."